Yadda Bara'u Ya Sa Marigayi Alƙali Magana

Idan kana neman wanda ya fi kowa sanin kwamfuta a unguwar Moss Side ta birnin Manchester, ba sai ka sha wahalar tambaya ba. Ka tsaya a tashar bas kawai, Bara'u zai zo ya gaya maka da bakinsa cewa shi ne. Saurayi ne dogo mai saurin baki, katin shaidar aiki ba ya barin wuyansa ko masallaci za shi, don kowa ya san a Salford yake aiki, can bakin ruwa inda manyan gidajen talabijin suke. Kuma gaskiya ne, a can yake aiki. Abin da ba ya ƙarasa faɗa shi ne shayi da kofi yake sayar wa ma'aikatan wurin a wani ɗan shago, a ranakun da ba shi da darasi a jami'a, inda digirinsa na biyu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ɗakin baƙi na yayansa Nazir yake zaune, baƙuncin kuwa ya daɗe har matar gidan, Maimuna, ta daina kiran ɗakin da wannan suna.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Bara'u a rai, wato Ihsan, 'yar Dakta Jumare na Birmingham. A wani taron Sallah ya gan ta, ya gaishe ta ta amsa, shi kuwa ya ɗauki amsar nan a matsayin alkawari. Ya bi ya addabi Nazir har sai da Nazir ya ɗan taɓa maganar a wurin Dakta. Dakta mutum ne mai kawaici, bai ce e ba bai ce a'a ba, ya dai ce yana so ya san ko wane irin yaro ne. Tun daga ranar Bara'u yake neman inda zai nuna kansa.

Sai ga dama ta zo har gida. Dakta Jumare zai yi ritaya bayan ya yi wa mutanen unguwar Aston ta Birmingham aikin likita har kansa ya yi fari, ƙungiyar 'yan Arewa reshen Manchester da na Birmingham suka haɗu za su yi masa walima. A zaman shiri da aka yi a falon Malam Sunusi, shugaban reshen Manchester, aka yanke a tara tsofaffin hotunan Dakta a haska su a bango da majigi, ɗaya bayan ɗaya. Bara'u, da ba a ma gayyace shi ba sai dai ya biyo yayansa, ya saki wata dariya ta hanci.

"Hoto a bango? Haba Malam, sai ka ce bikin firamare. Ku bar mini wannan aikin. Ni hoto zan sa ya yi magana."

"Hoton wa?" in ji Malam Sunusi.

"Na marigayi Alƙali Muhsin, mahaifin Dakta. A gaban jama'a zai buɗe baki ya sa wa ɗansa albarka. In Dakta bai zubar da hawaye ba ku canza mini suna."

"Mamaci fa ka ce, Bara'u. Anya ba mu shiga abin da ya fi ƙarfinmu ba?"

"Malam, technology ne, ba tsafi ba. Akwai ƙanin marigayin a Zariya, muryarsu ɗaya, zan sa ya yi addu'a a waya ya turo, in ɗora a kan hoton, baki ya riƙa motsi daidai da magana. Akwai wata software da ke yin wannan, ba ta ma fito kasuwa ba. Beta ce. Sai mu na ciki ake ba."

Ya faɗi "mu na ciki" ɗin nan yana shafa katin wuyansa. Nazir ya sunkuyar da kai yana kallon kafet. Sauran dattawa kuwa, likitoci da akantoci ne da ba su da lokacin musu, suka ce to Allah ya taimaka.

Maganar gaskiya, manhajar nan duk wanda ya rubuta imel ɗinsa a shafin ɗan kamfanin da ke ƙera ta, ba shi za a yi, ko akuya ce. Kuma su kansu masu ita sun rubuta da jan rubutu cewa ba su gama ta ba, tana iya tsayawa ko ta lalata aiki, kada a yi wani abu mai muhimmanci da ita. Suka ƙara da cewa ba ta tashi sai a kan sabon sistem, wato babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutar kanta, shi ma sabon sistem ɗin ana kan gwajinsa ne. Bara'u ya karanta gargaɗin nan kamar yadda ake karanta takardar cikin kwalin magani. Ya raɗa wa manhajar suna Gagarau, ya danna.

Kwamfutarsa ta yi shiru, sannan ta ce ita ta tsufa da wannan wahalar, ba ta ɗaukar sabon sistem. Bara'u ya zage ta tas, ya nufi falo wurin yayansa.

"Yaya, laptop ɗinka ta gida zan ara."

"Taka fa?"

"Tawa ta yi wa aikin ƙarfi da yawa. Ana bukatar mai ɗan sanyi."

Nazir ya san ƙarya ce, amma hidimar Dakta ce, kuma shi da bakinsa ya kai maganar aure gidan. In ya hana, gobe a ce a kan kwamfuta ya toshe wa ƙaninsa hanya. Ya miƙa yana cewa don Allah kada a taɓa masa komai.

Bara'u bai taɓa komai ba, sistem ɗin gaba ɗaya ya cire ya sa sabo. Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo, ta nuna wani ɗan da'ira yana juyawa, ta sake mutuwa, ta sake farfaɗowa. Haka ta wuni tana yi a kan teburin cin abinci, har Nazir ya dawo daga ofis ya tsaya a kanta da jaka a hannu.

"Me take yi haka?"

"Tana sabawa ne, Yaya. Ka san sabon abu sai a hankali. In ta gama ba za ka gane ta ba."

"Yanzu ma ban gane ta ba."

Maimuna na kicin tana jin su, ta lallaɓa ta ɗauke tata kwamfutar, wadda take rubuta kundin digirinta na uku a kai, ta kai ɗaki ta tura ƙarƙashin katifa. Amma kura ta riga ta ji warin nama. Da safe sai ga Bara'u a ƙofar kicin yana murmushi har kunne.

"Matar Yaya, uwar gida sarautar mata, ran sarauniya ya daɗe."

"Injiniya, in abinci ne yana kan wuta. In laptop ce ta yi tafiya."

"Haba Anti, minti nawa ne? Upgrade ma zan yi miki kyauta."

"Na ga wanda ka yi wa yayanka. Ga ta can tana ta sujada ba alwala."

"Tasa ce mai matsalar memory. Taki kuwa na santa, doki ce."

"To dokin nan ba na haya ba ne. Ka je wurin mutanenka na ciki su ba ka."

Da wani ne da ya haƙura. Bara'u kuwa ya koma ɗaki ya buga wa mahaifiyarsu waya a Kano, ya yi murya kamar maraya, ya ce ga aure ya zo masa har bakin ƙofa amma an rasa mai ara masa ɗan kayan aiki a gidan ɗan'uwansa. Ba a jima ba wayar Maimuna ta yi ƙara. Ta amsa a durƙushe, kamar surukar tana gabanta.

"Maimuna, ashe akwai abin da za ki hana ƙanin mijinki?"

"Babu, Hajiya."

"To na ji daɗi. Allah ya yi muku albarka."

Maimuna ta kwashe kundinta ta adana a wani wurin, ta fito ta dangwara masa kwamfutar a cinya. Kallon da ta yi masa kaɗai ya isa ya ƙona tuwo, amma Bara'u ya ce mata an gode, za a sa sunanta a cikin waɗanda suka taimaka.

A kan ta Maimuna sabon sistem ya zauna, Gagarau ma ta buɗe. Bara'u ya fito tsakar falo ya yi kabbara. Sai dai Gagarau tana da hali: in ka ɗora hoto ta yarda, in ka ɗora sauti ta yarda, in ka ce ta adana aikin sai ta rufe kanta ta bar ka da salati. Ya yi ta yi tana zubarwa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando, har Allah ya sa ta adana sau ɗaya bisa kuskure. Ya yi maza ya kwafe aikin a filas, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta. Yana cirewa fuskar kwamfutar ta koma kore shar, madannan suka daina amsawa in ban da harafi ɗaya da ya riƙa rubuta kansa ba tsayawa.

Maimuna ta leƙo. "Injiniya, wannan fa?"

"Known issue ne. Sun san da shi. Za su gyara a fitowa ta gaba."

"Su wa?"

"Mutanenmu."

"To ka gaya wa mutanenku supervisor ɗina ma ya san da ni."

Gida ya ƙare, sai maƙwabta. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Hajiya Raki, mai sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta intanet, wadda ɗanta ya saya wa sabuwar kwamfuta fil don harkar kasuwancinta. Bara'u ya shiga da sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya yaba ƙamshin gida, sannan ya gangaro.

"Hajiya, ina tausaya miki. Kina ɗora hoton leshi a kwance kamar shanya. Da za ki ba ni laptop ɗin nan in sa mata wani abu, leshin da kansa zai tashi ya yi tafiya a gaban customer."

"Leshi ya yi tafiya? Ba mutum a ciki?"

"Ba kowa, Hajiya."

"Kai ɗan nan, ni fa ba na son abin da zai kore mini mala'iku daga gida."

"Ilimi ne zalla. Kuma hidimar Dakta Jumare ce."

Da ta ji sunan Dakta, wanda ya taɓa duba mata ƙafa a wurin biki bai gaji ba, sai ta kasa cewa a'a. To a kan ta Hajiya Raki ne abin ya yi. Kwamfutar ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, fankar cikinta tana kuka, amma ga Alƙali Muhsin nan da rawaninsa da farin gemunsa, ya ƙifta ido, ya ɗaga kai, ya fara addu'a da muryar dattijon Zariya. Hajiya Raki ta saki faranti ta yi waje tana a'uzu billahi, ɗankwalinta a hannu. Nazir shi ma abin ya ba shi mamaki. Ko Maimuna sai da ta ce, "To, makaho ya taka kuɗi."

Shi ke nan, Bara'u ya samu abin da yake nema. Kafin ranar walima babu wanda bai ji ba daga Moss Side har Aston. Ya bugo wa Malam Sunusi ya kafa sharaɗi: kada a buɗe abinci sai Alƙali ya sa albarka, don ba a cin abinci kafin addu'ar babba. Malam Sunusi ya ga maganar ta yi daidai da tarbiyya, ya amince. Ya kuma sa aka rubuta sunansa a tsarin taro, Injiniya Bara'u, ko da yake bai taɓa ƙera ko cokali ba.

Ranar walima aka cika bas ɗin da ƙungiya ta ɗauko, mata da kuloli, maza da manyan riguna, yara suna ta surutu da Turancin Manchester. Bara'u ya zauna a gaba kusa da direba, ya buɗe kwamfutar Hajiya Raki a cinya don mutanen baya su ga yana aiki. Ana hawa babban titi sai ga saƙo ya faɗo: an saki sabuwar Gagarau, ta fi ta jiya. Duk mai hankali zai rufe ya ce sai an dawo. Bara'u ya juyo ya ɗaga murya.

"Jama'a, kun ga mutanenmu? Sun san yau ne taron, sun turo mini sabuwa."

"Bara'u," in ji Maimuna daga kujerar baya, "ba a fafe gora ranar tafiya."

"Wannan karin maganar kafin zuwan intanet aka yi ta, Anti."

Ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa ya danna. Sabuwar Gagarau ta sauka, ta ce ita kuma ba ta zama a kan sistem ɗin jiya, sai wanda aka saki yau. Ya danna wannan ma. Kwamfutar ta gargaɗe shi kada a kashe ta, kada intanet ya yanke. Bas ya shiga wani wuri mai gonaki da tumaki, intanet ya yanke. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, fankar da ta kwana biyu tana kuka ta yi shiru.

Bara'u ya rufe ta a hankali ya sa a jaka.

"Ɗan nan, lafiya?" in ji Hajiya Raki. "Na ji ta daina numfashi."

"Barci take, Hajiya. Tana tara ƙarfi."

Zauren da aka kama a Aston ya cika maƙil. Mutanen Birmingham sun yi girki na kece raini, an jera tukwane a dogon tebur an rufe, ƙamshin dambun nama da waina da miyar taushe ya cika wuri. Dakta Jumare na zaune a gaba cikin farar shadda, iyalinsa na gefe. Majigi na haska bango da kalmar barka da zuwa, kuma kwamfutar da ke haɗe da shi ta Ihsan ce. Bara'u ya tsaya ya dube ta, ya dubi kwamfutar, ya ga ai tsuntsu biyu ne a reshe ɗaya. Ya gyara hula ya ƙarasa.

"Ranki ya daɗe, laptop ɗinki zan ɗan yi amfani da ita. Namu manyan na'urorin sun fi ƙarfin wutar wannan hall ɗin."

Ihsan, wadda aka haifa a Birmingham, Hausarta na fita da ɗan karkacewa amma ba ta ɓata. "Me za ka sa mata?"

"Ƙaramin abu ne. Da ɗan update."

"Is it stable?"

"Kamar dutsen Dala."

"Aikin ofis ɗina na ciki fa. Monday nake da presentation."

Ta waiga wurin mahaifinta. Dakta, da yake ba ya son a kunyata baƙo a taronsa, ya gyaɗa mata kai. Ta ja da baya ta harɗe hannu.

Bara'u ya zauna ya fara sa sabon sistem, kuma saboda tsabar ƙwarewa bai cire wayar majigi ba. Sai ga shi a bango, ƙato, kowa na gani: wani dogon layi da ke cika a hankali, da rubutu a ƙasa cewa a yi haƙuri, wannan zai ɗauki lokaci. Malam Sunusi ya karɓi makirufo ya ce kafin Injiniya ya kammala bari a gabatar da manyan baƙi. Ya gabatar da su. Layin bai kai kwata ba. Ya gabatar da matansu. Ya kira shugaban reshen Birmingham ya yi jawabi, ya kira ma'aji, ya kira wani baƙo da ya zo daga Leeds wanda shi kansa bai san dalilin kiransa ba. Yara suka taru a gaban bango suna ƙirga lambobin da ƙarfi da Turanci, in lamba ta ƙaru su yi tafi. Layin ya kai kusan ƙarshe, ya tsaya, ya yi tunani, ya koma baya.

Wani dattijo mai ciwon suga ya ɗaga hannu. "Malam Sunusi, ba za a ɗan buɗe wainar nan ba?"

"Alhaji, an ce sai Alƙali ya sa albarka."

"Alƙalin nan da ransa ma bai taɓa hana mutane abinci haka ba."

Aka tashi aka yi sallar La'asar aka dawo, layin na nan. Miya ta fara daskarewa. Matan Birmingham suka fara tambayar matan Manchester ko haka ake yi a garinsu, matan Manchester suka ce su ma ba su san daga ina aka samo shi ba. Nazir ya koma can kusa da ƙofa ya zauna. Bara'u kuwa gumi ya jiƙa masa hula, amma baki bai mutu ba, duk wanda ya matso sai ya ce masa ai wannan jinkirin alamar inganci ne.

Can sai kwamfutar ta farfaɗo. Ya sa Gagarau sabuwa, ya soka filas, ta buɗe. Ya miƙe ya karɓe makirufo daga hannun Malam Sunusi ba tare da an ba shi ba.

"Jama'a, abin da za ku gani yanzu, ko a Landan ba a taɓa yi ba. A kashe fitilu."

Aka kashe. Ga Alƙali Muhsin ya cika bango, da rawani da gemu da kwarjini. Zaure ya yi tsit. Dakta Jumare ya cire tabarau, don rabonsa da ganin fuskar mahaifinsa da girma haka tun yana saurayi, idonsa ya kawo ruwa. Alƙali ya ƙifta ido. Mata suka yi salati ƙasa-ƙasa. Bara'u ya saci kallon Ihsan, ransa fari fat, ya ga aure ya ɗauru an gama.

Alƙali ya buɗe baki, sai aka ji gyaran murya, irin na yaro mai kwaikwayon tsoho.

"Testing, testing. Ni ne Alƙali Muhsin."

Abin da ya faru shi ne, tun kafin saƙon dattijon Zariya ya iso, Bara'u ya gwada manhajar da muryarsa, shi kaɗai a ɗaki, ya shaƙe wuya ya faɗi abin da ransa ke so. Daga baya ya ɗora addu'ar gaskiya a kai. To sabuwar Gagarau ba ta san gyare-gyaren da tsohuwar ta yi ba, sai ta koma kan sautin farko, ta ɗauko shi ɗungurungum.

"Na duba samarin Ingila kaf," in ji Alƙali, gemunsa na rawa, "ban ga mai ƙwaƙwalwar Bara'u ba. Yaron nan shi ne gaba. Yayansa Nazir mutumin kirki ne, sai dai rowa. Ita kuma Maimuna a gaya mata ta rage gishiri a miya. Kai Jumare, ina umartarka, ka ba shi Ihsan."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani yaro ya ce da ƙarfi, "That's Uncle Bara'u!" Zaure ya fashe. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu na innalillahi, dattijon nan mai ciwon suga yana yin duka biyun. Bara'u ya daka tsalle ya hau danne-danne, amma Gagarau ta riga ta sandare, ta riƙe kwamfutar gaba ɗaya ta ƙi saki. Bakin Alƙali ya zame daga inda Allah ya ajiye shi ya haura kan rawani, yana buɗewa yana rufewa, lasifikokin zauren suna maimaita abu ɗaya: "Ka ba shi Ihsan. Ka ba shi Ihsan. Ka ba shi Ihsan."

Ya rufe murfin kwamfutar, murya ba ta daina ba. Ya fizge wayar majigi, hoto ya ɓace, aka bar jama'a a cikin duhu da muryar tana ta ba da umarni. Ya ce a kwantar da hankali, known issue ne. Sai da Nazir ya taso daga bakin ƙofa, ya tsallake yara, ya tumɓuke wayar lasifika daga bango, sannan aka samu shiru. Wani ya kunna fitila.

Hajiya Raki ce ta fara magana. "Ɗan nan, tawa da ka ce tana barci, irin wannan barcin ne?"

"Gishiri ko?" in ji Maimuna. "Shekara nawa kana cinye shi har da suɗe kwano?"

Dakta Jumare ya miƙe, kowa ya kama bakinsa. Ya goge tabarau ya mayar, ya dubi Bara'u tun daga hula har takalmi. Ba ya cikin masu dariya. An taɓa masa uba a gaban jama'a, kuma ɓacin ran ya fito a fuskarsa ƙarara, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Mahaifina ya yi alƙalanci har ƙarshen ƙarfinsa," in ji shi, "bai taɓa yanke hukunci bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. Yau ka sa shi ya yi. To ni zan gyara masa. Ihsan, kin ji abin da aka ce kakanki ya ce. Ke me kika ce?"

Ihsan ta ɗaga murfin kwamfutarta, ta danna, ta sake dannawa. Baƙi ƙirin. Ta rufe.

"Baba, laptop na ba shi aro na ɗan lokaci, ga yadda ta dawo. Kaina kuma ba ni da na biyu."

"An ji ta bakinki," in ji Dakta. "Malam Sunusi, a yi bismilla, mutane sun ji yunwa."

Jama'a suka yi kan tukwane. Bara'u ya tsaya a tsakiyar zaure yana waige-waige, yana neman wanda zai yi wa bayani cewa laifin sistem ne, kuma za a gyara a fitowa ta gaba, amma kowa ya ba shi baya yana miƙa faranti. Sai ya ga Ihsan ta nufo shi, ita kaɗai. Nan take ya gyara tsayuwa, ya share gumi, har ya fara murmushi, don shi irin mutanen nan ne da ko a ramin kabari suna hango tsani.

Ta ɗora masa kwamfutar a hannu, ta ɗora caja a kai.

"Kafin Monday nake son ta, yadda take da," in ji ta. "A kai wa mai gyara na gaske. In an gama ka ba Yaya Nazir ya aiko. Ba sai ka zo da kanka ba."